Dattijo da Sunan Maƙogwaro

A bencin masu jiran jarrabawar Turanci, nan Duwala, wani dattijo yana zaune cikin kwat, gumi ya jiƙe wuyan rigarsa sharkaf. Yatsunsa dogaye ne, farce a yanke tas. Ina jin likita ne da ya tashi neman Kanada bayan furfura ta gama cinye kansa.

Ya ɗora yatsa a maƙogwaro, yana daddatsa sunan wurin da Turanci gaɓa-gaɓa: “I-so-fa-gas.” Kowane karo sai Faransanci ya fizge masa harshe. Sai ya mari cinyarsa, ya sake daga farko.

Wasu mata biyu, ma'aikatan jinya, suna kwaikwayonsa har da tafi.

“Papa, a hankali, kada haƙoran su zubo!” in ji ɗaya.

Ɗayar ta ƙura masa ido. “Ke Solange, ai shi ya yi wa mamata aiki, a daidai wurin da yake nunawa.”

“Ta rayu?”

“Tana nan garau.”

“To, gara da bai tsaya kiran sunan ba.”

Suka sake fashewa da dariya. Ni ma na dara. Yatsan dattijon yana nan a maƙogwaro.