Jar Ƙasa a Tayar Kekena

Ni ne da laifi, ba maƙwabcina ba. Na sa wannan a gaba ne saboda na san bakina. In na fara daga farko zan jera hujjoji har mai karatu ya ɗauka ina da gaskiya.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, busasshen kifi nake sayarwa. Nakan shiga jirgi zuwa gungu, tsibiran nan na cikin ruwa, in kwana can in sayi banda, in dawo in kai kasuwar Yelwa. A kaina nake ɗaukar kwandon daga bakin ruwa, har wuyana ya fara gaya mini. Sabon keke ya fi ƙarfina, sai na ƙudura zan haɗa nawa.

Gangar jikin na samo wajen masu tsofaffin ƙarafa, ba ƙafa, ba sarƙa. Ƙafar gaba ta wani keke ce, ta baya ta wani. Wanda ya taya ni haɗawa a zaurenmu maƙwabcina ne, mutumin kan dutse, manomi, Kirista, wanda ya sauko ya zauna kusa da mu saboda gonar da ya samu a bayan gari. Ya girme ni nesa, Baba nake ce masa. Shi ya ba ni sirdin tsohon kekensa. Shi ya riƙe mini ƙafar ina ɗaure wayoyinta, muna tsintar boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, a ƙasa duk sanda suka zube.

Keken ba shi da giya, gudunsa ɗaya ne, don haka dole mutum ya zaɓi firiwil, ƙaramin faifan haƙoran nan na ƙafar baya da sarƙa ke ja. Ƙarami ya fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya amma yana cin gwiwa a hawa. Babba ba ya sauri, sai dai yana hawa da kaya. Ni ƙarami nake so.

"Da kwandon kifi za ka yi tsere?" in ji Baba. "Sa babba, ɗana. Ƙudan da ke bin ka ma ba sauri suke ba."

Na yi dariya na sa babba.

A shekarar Inna, mahaifiyata, na fama da ciwon gwiwa. Da can wani mai magani na kan dutse ke haɗa mata na shafawa, amma ni na fara zuwa karatu wajen wani sabon malami, na dawo gida da zafi na ce maganin akwai tsafi a ciki, kada in sake ganinsa a gidanmu. Na sayo mata ƙwayoyi. Da ƙafar ta fara sauƙi, sai na riƙa ba ƙwayoyina lada.

Ranar da abin ya fara, na dawo daga gungu na tarar da keken a zaure inda na bar shi. Na hau sai na ji gwiwata ta lanƙwashe fiye da yadda na saba. An rage tsawon sirdi. Na duba taya, na ga jar ƙasa maƙale a tsagoginta. Hanyar bakin ruwa farin yashi ce. Jar ƙasa sai hanyar dutse.

Ban tambayi kowa ba. Da zan sake tafiya na ɗaura tsinken ciyawa a wayar ƙafar baya, na share ƙasan zauren da tafin hannuna. Na dawo babu tsinke, an kuma share ƙasan fiye da yadda na share. Sarƙar tana ƙamshin man gyaɗa, ni kuwa baƙin mai nake sa mata. Wata rana ma na buɗe taya na ga faci mai kyau wanda ba ni na yi ba.

Daga nan komai na Baba ya zama shaida a idona. Sirdin da ya ba ni, ashe don ya samu bakin cewa yana da rabo a keken ne. Babban firiwil da ya matsa mini, ashe hawan dutsen garinsu yake tunani, ba kwandona ba. In ya gaishe ni da fara'a sai in ce kunya ce. In ya wuce bai tsaya ba sai in ce tsoro ne.

Na tambayi Inna ko tana ganin mai shiga zaure in ba na nan.

"Ni da ke kwance cikin ɗaki, mi zan gani?" Ta ci gaba da tsinkar ganyen miya, ba ta ɗago ba.

Ita ma na sa ta cikin lissafi, na ce tsufa ne ya sa take rufa wa maƙwabci asiri.

Gab da damina firiwil ya fara zamewa, a taka feda ta juya a banza. Na kai wa mai gyara a bakin kasuwa.

"Ko dai sabo, ko a yi mishi walda a kashe shi," ya ce. "Amma in an kashe, feda ba ta hutawa. Ƙafar keke na juyawa, ita ma tana juyawa. A gangare in ka tsai da ƙafarka, jefa ka za ta yi. Duk mai hawan kekenga sai ka gaya mishi."

"Ni kaɗai ke hawa."

Ina da halin sayen sabo a ranar. Na ce a yi walda. Ni kaina da na hau, sau da yawa na kusa faɗuwa kafin ƙafata ta saba. Na ga robar birkin baya ta cinye, na bar ta. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, ɗan ƙujewa ne kawai, gwiwa ko gwiwar hannu, yadda zan ga tabon in san mutumina. Da safen da zan tafi gungu na wuce Baba yana wasa fartanya a ƙofar gida. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Magana ɗaya ce ta rage in faɗa. Na ce amin na wuce.

Na dawo na tarar da keken a jingine, ƙafar gaba ta murɗe. Baba yana kwance a gidansa, mai ɗori ya ɗaure masa hannun dama da karare daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Ruwa ya riga ya sauka, kowa na noman fari.

"Ka yi haƙuri, ɗana, na ɓata maka keke," ya ce. "Ban san abin da ya same shi ba. Ina gangarowa daga dutse fedar ta ƙi tsayawa."

Bai faɗi abin da ya kai shi ba. Na ce Allah ya sawwaƙe. A cikina kuwa daɗi nake ji, kuma wannan ma dole in rubuta shi.

Na shiga gida na ce wa Inna, "To, kin ga mai satar hawan keken ya bayyana."

Ta sa hannu bayan randa ta jawo wani ɗan ƙoƙo mai baƙin magani, ta ajiye a gabana.

"Ni nika aikensa kan dutse ya karɓo mini wannan. Kai ka hana, ƙafa kuwa ba ta hana ba. Na ce mishi ya ɗauka, keken ɗana nawa ne, amma kada ya gaya maka. Bawan Allah ya ce ba ya son haka, ni na roƙe shi. Man gyaɗar ma nawa ne, shi ya ce ba a mayar da abin aro a bushe." Ta dube ni. "Mi ka yi wa keken?"

Na ce firiwil ne ya lalace. Ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma ci abincin da na sayo mata ba.

Daminar nan ni na noma gonar Baba. In na taso daga kasuwa sai in wuce can da fartanya. Mutane suka yi ta yaba mini, har aka riƙa misali da ni wajen riƙon maƙwabci. Matar Baba tana aiko mini da kunu. Babu abin da ya fi wannan kunun wuyar haɗiya. Na miƙe ƙafar keken, na sa sabon firiwil, babba, na canja robar birki, duk da fatan aikin hannu zai tsaya mini a madadin magana. Na riƙa hawa dutse da kaina ina karɓo wa Inna maganinta.

Hannun ya warke, amma bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba.

Bayan girbi na same shi a gindin rumbu, yana ta ƙoƙarin cilla damin dawa sama da hannun hagu, damin yana dawowa. Na karɓa na ɗora masa. Ya fara godiya, na ce ya tsaya. Na durƙusa a gabansa, na cire hulata.

"Baba, keken nan ba lalacewa ya yi ba. Ni na sa aka yi masa walda, na san feda ba za ta tsaya ba, mai gyara ya ce in faɗa, na ƙi. Na ga birki ya cinye na bar shi. Na san kai ke hawa, kuma so nake ka faɗi. Da na gan ka a ɗaure ma murna na yi. Noman da na yi maka ba kirki ba ne, tsoron wannan maganar ne. Hannunka ba zan iya mayar maka da shi ba. Na zalunce ka, Baba. Don Allah ka yafe mini."