Ranar da Na Ce Ban San Jirgi Ba

Ni na yi kuskure, ba kowa ba. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa aikin nan da na nema ɗan wani babba aka ba, har na kusa yarda da maganar ni kaina. Ƙarya ce. Da bakina na ture shi, kuma kafin in ture shi, kakata na fara turewa.

Kaka Dije muke ce mata. Mu Gungawa ne, ruwan Kainji ya cinye tsibirinmu ina ƙarami, aka maido mu tudu kusa da Yelwa ta Yawuri. Bandar kifi ita ce sana'arta. Da an idar da magariba sai ta jera kifi a kan waya, ta danne wutar da ɗanyen itace don ta yi hayaƙi kada ta yi harshe, mu jikoki mu kewaye ta. Ba son labari kaɗai ke kawo mu ba. Sauro ba ya zuwa wurin hayaƙi, kuma wanda ya zauna har ƙarshe yakan sami kan tarwaɗa. Ni maigida take ce mini. "Matso mana, maigida," in ji ta, "ko kunyar matarka kake ji don ta tsufa?"

Akwai labarin da ta fi maimaitawa. Wai Sarkin Ruwa ya nemi wanda zai riƙa ƙetarar da mutane a mashigi, samari biyu suka zo. Tambaya uku ya yi wa kowa: wa ya haife ka, me hannunka ya iya, me ka taɓa ɓatawa. Na farko ya aro riga mai aiki. Ya ce ubansa bafade ne, ya iya komai, bai taɓa ɓata ko allura ba. Na biyu ya zo da wando jiƙe. Ya ce ubansa masunci ne, tuƙi kawai ya iya, kuma ya taɓa kifar da jirgin ubansa a kan wani dutse, dawa buhu guda ta tafi. A nan Kaka takan juya kifi ɗaya, ta bar mu muna jira, sannan ta ƙanƙance murya. "Sarki ya ce a ba mai jiƙaƙƙen wando. Shi ya san inda dutsen yake. Wancan, da mutanena zai je nemansa."

Dariya muke yi, don mu abin da ya dame mu buhun dawar ne.

Na gama sakandare na yi shekara uku ba aiki. Ni kaɗai aka sa boko a gidanmu, babana ya hana ni shiga ruwa don in yi karatu, sai ga shi ban zama ma'aikaci ba, ban zama masunci ba. Ƙannena su fita da asuba su dawo da kifi, ni in ci. Inna ta daina tambayata, wannan ya fi tambayar ciwo. Na rubuta takardun neman aiki har biro ya yi mini kanta a yatsa. Da takarda ta zo daga Sakkwato, lokacin can ne babban birninmu, cewa in je intabiyu na aikin malamin kifi, na shiga ɗaki na yi kuka. Na san in wannan ya wuce, babu wani.

Wani akawu abokina, Sani, ya rubuta mini tambayoyi a littafi da amsoshinsu cikin Turanci. Ba da labarin kanka. Me ya sa kake son aikin. Mene ne rauninka. Ya ce in an zo kan rauni, in ce aiki ne ya yi mini yawa, ban iya hutawa ba. Na haddace kamar karatun allo. Abin da Sani bai rubuta ba, ni na ƙara da kaina: ba zan ce ni Bagunge ba ne. A makaranta na sha a toshe hanci in na wuce, na sha a kwaikwayi Hausar Kaka a gabana.

Ana gobe tafiya, da yamma, ina kai da komo a tsakar gida ina maimaita amsoshi. Na shanya farar rigata can nesa da hayaƙi. Kaka tana bakin banda da ƙananan jikoki.

"Maigida, zo in tambaye ka irin ta Sarkin Ruwa, mu gani ko ka shirya. Wa ya haife ka?"

Yaran suka yi dariya. Ni kuwa tsoro nake ji, sai tsoron ya fito ta baki.

"Wannan ba tatsuniya ba ce. Ke mi kika sani in ban da hayaƙi?"

Kaka ta ɗauki itace ta gyara wutar da ba ta bukatar gyara. Da safe ta ba ni ƙunshin kifi in kai wa mai masaukina. A tasha na bar shi ƙarƙashin benci, don kada rigata ta ɗauki wari.

A Sakkwato, mutum uku na tarar bayan tebur. Na zuba Turancina, suna gyaɗa kai. Sai wani dattijo mai furfura ya ajiye biro, ya juya Hausa.

"Ɗan Yawuri, mutanenka masunta ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Mu 'yan cikin gari ne."

"Ka san jirgi?"

"Daga nesa nake ganinsa."

"Ayya," in ji shi. "Mu wanda za mu tura garin Wara a bakin ruwa muke nema, ya zauna cikin masunta, ya ji yarensu, ya duba yadda mata ke banda."

Na ji kujerar ta yi mini zafi. Har a lokacin da sauran dama. Kalma huɗu ce: na yi muku ƙarya. Ban faɗa ba. Ya tambaye ni raunina, na ce aiki ya yi mini yawa. Ya dubi takarduna, ya ga shekara uku ba komai, ya ce a hankali, "Wane aikin?"

Ina da amsar gaskiya. Ina ɗan shekara goma sha biyu Kaka ta bar mini banda cike da giwan ruwa, na tafi ƙwallo, wuta ta yi harshe ta mai da kifin gawayi. Tun ranar, da hanci nake gane wutar da za ta tashi. Dutsena ke nan, na san inda yake. Shi suke nema, ni kuma na je da rigar aro.

Na dawo na ce an yi son kai. Kowa ya yarda, har aka riƙa yi mini jaje. Kaka kaɗai ba ta yi jaje ba, kuma ta daina ce mini maigida, sai Garba. Na koma ruwa bayan ƙannena, a bayansu kuwa, don sun fi ni hannu. Shekara biyu ina wuce bandarta kai a sunkuye. Da ina yaro na ɗauka labarin yana cewa mai gaskiya ake ba lada. Ba lada ba ne. Sarkin Ruwa tsoron nutsewar mutanensa yake yi, shi ya sa yake tambaya.

Sai da hayaƙi ya gama da idonta na iya zuwa. Bayan magariba ce, tana lalubar kifi da yatsu. Na durƙusa gabanta.

"Wane ne?"

"Garba ne, Kaka. Ɗan Audu masunci, jikanki. Tuƙi na iya, da tsaron wuta. Na ƙone miki giwan ruwa. Na yar da kifinki a tasha. Na ce ban san jirgi ba, na ce ba ki san komai ba, alhali duk abin da aka tambaye ni a bakinki na fara jinsa. Ba ɗan babba aka ba aikin ba, ni na yar. Ki yafe mini."