Waken Malam Sale da kwalba

Har yau ranar da muka kwance buhunan Malam Sale ba ta fita a raina ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, aka turo mu koya wa manoma ajiyar wake ba tare da magani ba. Buhu ne mai leda biyu a ciki: ka zuba wake, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Muddin iska ba ta shiga ba, ƙwarin ciki mutuwa za su yi.

Malam Sale kaɗai ya yarda, ya zuba duk waken da ya noma. Ni kuwa, gaskiyar magana, a takarda na san abin, ban taɓa gwadawa ba. Tsoro ya kama ni. Mako uku ina bi ta bayan gari da babur don kada mu haɗu.

Shugabana, Alhaji Ɗanladi, ya tambaye ni labarin waken, na ce lafiya lau. Ya ce, "Gani ka yi, ko fata kake? Je ka ka tambaya tun abin yana gyaruwa."

Na hau babur na je, na tambayi lafiyar waken. Malam Sale ya ce, "Alhamdulillahi, Malam, wake lafiya. Ai duk Juma'a sai na kwance na leƙa."

Ashe bawan Allah duk mako yana shayar da ƙwarin iska. Na ce, "Baba, ai wannan leƙen shi zai kashe mu."

Ya ce, "To, hankalina ne ba ya kwanciya. Abincin gidana ne fa."

Na ga hana shi ba zai yiwu ba. Sai na nemi kwalba, na cika ta da wake daga buhun, na toshe bakinta tam, muka sake ɗaure buhunan. Na ce duk sanda zuciyarsa ta tashi, ya dubi kwalbar.

Da bazara, gaban mutanen unguwa, ya kwance buhun farko. Wake fes, sai ka tona kafin ka ga mai huji. Masu yi masa dariya a da suka hau tambayata inda ake samun buhun. Wallahi ranar daɗi kamar ya kashe ni.

Shakka ɗaya ce ta kama mu biyun: shi ta sa shi yawan leƙe, ni ta sa ni ɓuya. Da na ƙara wata guda ina zagaye, da garin wake za mu kwance. Don haka ku da kuka shigo aikin yanzu, ranar da kuka ji kuna tsoron tambayar manomi, ranar za ku hau babur ku je.