Kwalin Jaridar Bango

Ni ne edita na ƙarshe na jaridarmu ta ɗalibai a Gwagwalada, ko da yake ban tabbata sunan jarida ya dace da ita ba. Takardu ne ake mannawa a allon katako kusa da ɗakin cin abinci, su yi mako, a ɓamɓare a adana. Edita mai barin gado yakan zuba nasa a cikin wani babban kwali a gaban magajinsa, su ɗaure tare. Ƙa'idar ke nan: ba a kwance igiyar sai editoci biyu suna wurin. Da na kammala, kowa ya koma karatu a waya, ban sami magaji ba. Sai kwalin ya biyo ni ɗakin da na kama a Durumi, nawa takardun a ambulan a samansa.

Wata damina na ga siririn layin jar ƙasa ya hau bango, ya ɓace a bayan kabad ɗin da kwalin yake kai. Gara. Na kankare, na zuba kananzir, ta dawo. Na sauke kwalin na girgiza, sai na ji kamar yashi na zuba a ciki. Wataƙila kunnena ne. Na kai hannu kan igiyar, na janye. Wasu daga cikin waɗanda jaridar ta caccaka yanzu manya ne a ma'aikatu. In na buɗe ni kaɗai aka tarar babu wasu shafuka, wa zai yarda gara ce?

Na shiga neman edita na biyu. Wanda na gada ya bar ƙasar. Da ƙyar na sami lambar wanda ya kafa jaridar, dattijo mai shirin ritaya, ya ce in same shi a gida a Kado ranar Asabar.

"Autan editoci!" ya ce da ya gan ni. "Kai ne ka kashe mana jarida?"

"Yallaɓai, a hannuna dai ta cika, amma ba zan ce ni na kashe ta ba."

"To gumin me kake yi? Kwali ka ɗauko ko gawa?"

"Ina jin akwai gara a ciki, ranka ya daɗe."

"Kana ji? Ba ka duba ba?"

"Ƙa'idar…"

"Ni na kafa ƙa'idar nan saboda ɗan iska guda da ya sace shafin da aka zage shi, ba saboda gara ba! Kawo wuƙa."

Muka buɗe a baranda. Ƙasa ta zubo, fararen gara suka watse a kan tabarma. Muka fara fitar da takardun. Takardun sama, na shekarun da ake kafewa da fil, lafiya lau. Na ƙasa kuwa duk an cinye musu kai, kamar an bi da almakashi.

Ya ɗauki ɗaya ya juya bayanta. "Sitaci," ya ce. "Ba mu da gam a lokacin. Garin rogo muke damawa mu shafa a saman takarda. Ashe abinci muka ajiye musu."

A saman nan ake rubuta kwanan wata da lambar fitowa. Rubutun yana nan, amma ba a san wanda ya riga wani ba.

Ya karanta wani sharhi kan rashin ruwa a ɗakunan kwana, yana murmushi. Na tambaye shi wace shekara ce. Ya ce ta farko. Ya ce a'a, bayan yajin aiki. Daga nan bai sake tsokanata ba.

Tun daga nan duk Asabar nake zuwa, yana tunawa ina rubutawa da fensir a gefen takarda, don in ya sauya magana in goge. Yana sauyawa. Tarin da muka kasa sa wa shekara ya fi wanda muka sa wa tsayi, kuma ya ce da an sallame shi daga aiki garinsu zai koma.

Asabar ɗin da ta wuce ya daɗe riƙe da wani shafi, sannan ya miƙo mini.

"Wannan ya iya rubutu. Kai ne, auta?"

Na duba ƙasan shafin. Sunansa ne.