Azumin Yayana da Ƙwayar Safe

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron kada rubutun ya zama tonon asirin gida. Amma watan azumi ya kusa, ni kuwa ban samu amsa ba.

Yayana dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro. Aikin dillali amana ce. Shi ke tsayawa tsakanin makiyayi da mai saye, kuma in daga baya aka ce dabbar ta sata ce, shi ake nema. Wanda aka ce hankalinsa ya taɓu, ba mai miƙa masa ko igiyar akuya.

Ciwon ya faro masa da rashin barci, sannan ya koma yana amsa wa mutanen da ba mu gani. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, daga baya muka kai shi likita a Maraɗi. Lokotoro, wato likitan, ya ba shi ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ya ce kada a tsallake. Ya samu sauƙi. Bakinsa dai na yawan bushewa, kullum yana tafe da gorar ruwa, amma makiyaya suka soma dawo masa ɗai-ɗai.

Da azumin bara ya matso, hankalina ya ƙi kwanciya, na je na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce marar lafiya yana da rangwame, ya sha maganinsa. Na kawo wa Yaya labarin da murnata.

Ya ce, "Auta, wa kika taɓa gani yana shan ruwa tsakar kasuwa da azumi?"

Na ce, "Marar lafiya, Yaya."

"Marar lafiya yana gida kwance. Mai yawo da ƙafarsa yana sha, sunansa ɗaya ne, kin san shi: mahaukaci."

"To ka sha a ɗaki, wa zai sani?"

Ya yi dariya. "Ba ki san ƴan kasuwar dabbobi ba. Leɓen mutum suke dubawa kamar haƙoran rago."

Ya ɗauki azuminsa. Matarsa, da kyakkyawar niyya, ta riƙa ba shi ƙwayoyin biyu tare bayan buɗa-baki, wai ramuwa, kamar sallar da ta kuɓuce. Barci mai nauyi ya riƙa hana shi sahur. Shi kuma da ya ga haka sai ya bar sha gaba ɗaya, bai gaya wa kowa ba. Watan bai raba ba na iske shi a zaure leɓensa na motsi, ba carbi a hannunsa. Bai sake taka kasuwa ba sai bayan salla, da ya koma kan maganinsa, wasu makiyayan kuwa sun riga sun koma wurin wani dillali.

Bana ma ya ce zai yi. Majo, wato ma'aikacin jinya na asibitin nan garin, ya ce kada mu sauya lokacin magani sai da izinin lokotoro, kuma zan je Maraɗin in tambaya, ko da yake ina tsoron in na shiga bakina ya sarƙe.

Shi ya sa nake roƙo. In akwai ma'aikacin lafiya cikin masu karanta wannan, ko mai ɗan'uwa da ke shan irin wannan ƙwaya kuma yake azumi, don Allah ya sanar da ni: ana iya maida ta sahur da buɗa-baki? Allurar wata-wata da na ji ana faɗa, gaskiya ce? Kuma da wane lafazi zan tambaya?