Layin da Na Tsallake wa Garba

Shekara bakwai ke nan da muka kai aminina Garba makwancinsa a Bungudu, har yau ban gama shari'a da kaina ba.

Tun shekarun 1950 nake yi masa karatu. Ni aka kama aka kai makaranta Gusau, shi ya tsere ya rungumi garma, ya kuma ƙare rayuwarsa yana yi mini dariya wai ni ne wanda bai iya gudu ba. Duk wasiƙar da ta zo masa, sai ya nemo ni.

Da muka tsufa, fitsari ya fara yi masa gardama. Likita ya ce ciwon daji ne, irin wanda ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara, kuma sai an yi masa gashi da na'ura. Aka miƙo takardar amincewa da Turanci. A ƙasanta an rubuta cewa, ko da yake ba kasafai ba, gashin kan haifar da wani dajin bayan shekaru. Na dubi Garba, na tsallake layin. Mu ba mu saba gaya wa majinyaci abin da zai karya masa zuciya ba. Ya dangwala yatsa.

Ya warke, ya yi damina goma sha ɗaya yana noma, ya aurar da autarsa Hadiza a Tsafe. Sannan jini ya fara zuba. Likita ya ce sabon daji ne a hanji, daidai inda aka gasa, kuma mai yiwuwa gashin ne sila.

Na kasa riƙewa, na gaya masa layin da na tsallake.

"Awo, Malam, ai na gane," in ji shi. "Takardag ga tsawo gare ta, karatunka ya yi gajere. Da ka karanta, ƙila in yarda. Amma da ni na zaɓa."

Ya yafe mini, ya ce kwana ne ya ƙare. Amma maganar ta zauna, kuma tana yi mini ciwo.

Yanzu jikokinsa da waya suke fassara takarda. Da yana nan, da ya ce na'ura ta fi ni amana, ya yi dariya har ya yi tari.

Gonarsa na nan, 'ya'yansa na nomawa. Ni abin da ya bar mini daban ne. Watan jiya Hadiza ta kawo mini takardar asibitin mijinta. Na sa tabarau, na karanta musu, ita da mijin, har layin ƙarshe.

Allah Ya jiƙan Garba.