Mangwaron da Inna Ta Yi wa Aure

A bayan ɗakin Inna, mahaifiyata, akwai wani fili da ya rage bayan an zagaye gidanmu da katanga, a ƙauyenmu da ke gabas da Zurmi. Rijiya na gefensa, ruwan wanke-wanke kuma can yake gangarawa. Wasu matan da sun zuba kuɓewa da yakuwa sun huta. Ita itatuwa ta dasa.

Yayanta, wato kawuna, shi ya koya mata yi wa itace aure. Yana zaune a Shinkafi yana fataucin awaki, kuma kasuwa ta haɗa shi da wani mutumin Nijar mai lambu. Daga wurin mutumin ya samo wani reshen mangwaro naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya kawo wa ƙanwarsa, ya nuna mata yadda ake yi. Shi bai daɗe ba ya manta da abin. Ita ta riƙe shi, har ta kai ga ita ce ta je Shinkafi daga baya ta yi wa itacen gidansa aure.

Na sha ganin tana yi. Takan shuka ƙwallon mangwaron gida, mai zaren nan da ke cika wa mutum haƙora, ta jira har jikinsa ya yi kaurin ɗan yatsa. Shi take kira uwa. Idan damina ta kawo jiki, sai ta sare kan uwar, ta tsaga ta kaɗan. Ta yanko ɗan reshe daga itace mai kyau, ta tsige ganyen, ta fiƙe gindinsa ta ɓangare biyu kamar yadda ake fiƙe alƙalamin kara, ta soka cikin tsagar har ɓawo ya haɗu da ɓawo. Sai ta ɗaure tamau da leda da ta yayyanka siri-siri. Ba ta magana idan tana wannan aiki, ba ta kuma amsa sallama sai ta gama ɗaurin. Idan ya kama, wurin haɗin yakan warke ya bar tabo mai ɗan kumburi. Abin da ke sama da tabon shi ne itacen kirki. Abin da ke ƙasa na gida ne, kuma duk tsiron da ya ɓullo daga can sai ta cire shi, don idan aka bar shi yakan shanye ƙarfin na saman.

Da na yi wayo, filin ya riga ya zama inuwa. Akwai lemun zaƙi da ta ɗora kan lemun tsami, akwai magarya mai manyan 'ya'ya, sannan ga mangwaron. Ba shi da zare, ƙwallonsa siriri ne, gefensa ɗaya yakan yi ja idan ya nuna. Mutanen ƙauye ba su san masa wani suna ba, na Inna kawai suke cewa. A ƙarƙashinsa aka yi wa mahaifina wanka ranar da ya rasu.

Ni a lokacin na riga na kama aikin koyarwa a Ƙauran Namoda, ina haya da iyalina. Inna ta ƙi biyo ni. Ta ce ga Baffa nan, ƙanen mahaifina, katanga ɗaya ta raba su, me zai same ta.

Sai ɓarayin daji suka fara. Da farko shanu suke kora. Daga baya suka koma ɗaukar mutane a gona, har ta kai ba wanda ke wuce bakin gari da fartanya sai da izininsu. Ranar da suka shiga unguwarmu da rana tsaka suka tafi da matan maƙwabcinmu, na ɗauki hayar ɗan kabu-kabu na je na ce wa Inna ba zan koma ba sai da ita. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗaure kayanta a zane, ta sa wuƙarta ta aure a ciki, ta leƙa ta kan katanga ta kira Baffa. Shi ya ce ba inda za shi.

"Ga itatuwan nan na bar maka amana," ta ce masa. "Ba su son komi, sun kai ruwa da kansu. Abin da ya tsiro ƙasa ga tabo kaɗai za ka riƙa cirewa. 'Ya'yan kuwa ku ci, ku ba maƙwabta."

"Haba, ki tai abinki," in ji Baffa. "Ba abin da za ya same su, awa kina nan."

Gidan da nake haya siminti ne tun daga zaure har ƙofar banɗaki. Inna takan zauna a bakin ɗaki ta rasa abin da za ta yi da hannunta. Duk ɗan kabu-kabun da ta ji zai yi wajen ƙauyenmu sai ta sa na tsayar da shi, saƙon kuma bai taɓa canzawa ba: a gaida Baffa, a tuna masa da tsiron ƙasa. Amsa takan dawo cewa itatuwa lafiya lau.

Da bazara ta biyu, Baffa ya aiko da mangwaro cikin ƙaramin buhu, ya ce na bayan ɗakinta ne. Yarana suka yi ta murna. Inna ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta sansana. Ta yanka, ta kai baki, ta daɗe tana taunawa. Sai ta miƙa wa matata sauran.

"Raba ma yara," ta ce.

"Inna, ke ba za ki ƙara ba?"

Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗanta na fari. Ta dube ni ta ce, "Kai, wanga na kasuwa ne."

Na ce ko dai rashin kulawa ne ya canza shi. Ta ce itace bai canza 'ya'yansa don an bar shi. Daga ranar ba ta sake aika saƙo ba.

Can aka ce an yi sulhu da mutanen daji, hanya ta ɗan buɗe. Ta matsa sai mun je. Muka shiga mota zuwa Zurmi, daga nan muka hau babur. Tun daga bakin gari na san abin da za mu tarar, domin a da kan mangwaron ake fara hangowa kafin rufin masallaci. Wannan karon masallacin kawai na gani.

Ta wuce ɗakinta ba ta ko tura ƙofar ba. A bayan ɗakin rana ce fetal. Kututturai ne jere, kowanne an sare shi dab da ƙasa, kuma kowanne ya fitar da tsiro kore shar. Na ce mata ai ga su suna farfaɗowa. Ta durƙusa ta shafa kututturen mangwaron, tana neman wani abu da yatsunta. Ta tsinke ganye ɗaya ta murje ta sansana.

"Uwar ce," ta ce. "Sun sare ƙasa ga tabo. Da sun bar mini ko taƙi guda bisa, da ya dawo."

Baffa ya shigo yana gyara hula. Ya rame, ban ɓoye wannan ba. Ya yi mana sannu da zuwa, ya fara bayani tun ba a tambaye shi ba. Daji ya gagara, ba mai iya fita neman itacen girki. Masu gidan burodi daga Zurmi suka zo neman itace ko nawa ne, ga yara ba abin da za su ci.

"Mi kike so in yi? In zuba ma ɗiyana ido?"

"Ban ce ba," in ji Inna. "Da ka aiko ka hwaɗa mini, da na ce a sare. Sai dai in gwada muku inda za ku sa gatari."

Na ɗaga kai na dubi gidansa ta kan katanga. Itatuwan darbejiyarsa na nan tsaye, manya, da tsamiyar da ke ƙofar gida, ko reshe ba a taɓa ba. Na tambaye shi su fa. Ya ce ai waɗannan inuwar gida ce. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta ce, "Kai. Baffanka ne." Na haɗiye. Ba ta tambaye shi batun mangwaron kasuwa ba, shi ma bai tayar ba. Ko ruwan gidansa ba mu sha ba muka juyo.

A hanya ta tuna da mangwaron gidan Kawu na Shinkafi. Kawu ya rasu tun kafin wannan fitina, magada sun sayar da gidan, amma ta ce in dai ba a sare itacen ba, irin nata ne, daga hannunta ya fito. Da muka koma Ƙaura ta sa na samo mata tsofaffin bokitan fenti, ta cika su da ƙasa da taki, ta shuka ƙwallon mangwaron gida. Ta jera su jikin bango tana ba su ruwan alwala. Na ga ta dawo da cin abinci sosai a watannin nan.

Da suka yi kaurin yatsa muka tafi Shinkafi ranar kasuwa. An ƙara wa katangar gidan Kawu tsawo, an sa ƙofar ƙarfe, amma ga mangwaron ya leƙo ta sama, har wasu rassan sun zubo kan hanya. Inna ta tsaya tana kallonsa. Na ƙwanƙwasa. Mai gidan ya buɗe kaɗan, ya tsaya a bakin ƙofar. Na gaishe shi, na yi masa bayani: wannan tsohuwa ƙanwar mai gidan na da ce, ita ta yi wa itacen nan aure, reshe ɗan ƙarami muke roƙo.

"Daga ina kuke?"

Na faɗi sunan ƙauyenmu. Fuskarsa ta canza.

"Mutanen can ba su shiga gidana. Yanzu ba a san infoma ba. Haka anka yi ma maƙwabcina, anka aiko tsohuwa neman ganyen magani."

"Alhaji, ba sai mun shiga ba. Ka yanko da hannunka."

"Allah ya ba da haƙuri," ya ce, ya rufe ƙofa.

Mutanen da suka kore mu daga gida, su aka ce mun zo yi wa leƙen asiri. Na miƙa hannu zan karyo ɗaya daga rassan da suka zubo waje. Inna ta riƙe mini riga.

"Ba a ba mu ba," ta ce.

Ban haƙura ba. Na bi ta hannun wani abokin aikina ɗan Shinkafi, shi kuma ya bi ta hannun limamin unguwar, aka yi ta kai da kawowa. Kafin mai gidan ya yarda, damina ta wuce, zafin kaka ya shigo. Yaron mota ya kawo rassan cikin baƙar leda, ba jiƙaƙƙen tsumma, bayan sun yini a kan hanya saboda an tare ta. Inna ta duba ta ce sun sha wuya, amma a gwada.

Ta fito da wuƙarta ta wasa. A nan na ga tsufa ya kama hannunta. Ta fiƙe reshen farko ya karkace, ta sake fiƙewa har ya gajarce. Idonta ma bai ganin ko ɓawo ya haɗu da ɓawo, sai ta riƙa lalubawa. Ta yi wasu, ta ba ni wuƙar na yi sauran tana faɗa mini. Muka ɗaure, muka janye bokitan zuwa inuwa. Kullum da safe takan je ta duba. Rassan suka yi baƙi ɗaya bayan ɗaya. Na ce baɗi za mu sake, da wuri, ni da kaina zan je in yanko. Ta ce in bar wahalar da mutane. Ta ba matata bokitan ta shuka barkono.

Sulhun bai yi ƙarko ba. Bara ɓarayin suka ƙone ƙauyenmu, rumbuna da komai. Baffa ya iso ƙofata da yamma a bayan motar itace, shi da matarsa da yara, ba su da ko tabarma. Na shiga na gaya wa Inna. Ta tashi ta kwashe kayanta daga ɗakinta ta koma na jikokinta, ta ce a ba su. Ita ta dama musu fura da hannunta.

Har yau suna nan. Kowace safiya nakan durƙusa in gaishe shi kafin in tafi makaranta, yana amsawa. Da azahar yakan jawo tabarma ya bi 'yar inuwar bango, idan ta matsa ya matsa. Kwanan baya na dawo na same shi yana fifita da hula, Inna na gefe tana tsince shinkafa. Ya ce mini gidan nan zafi ya yi masa yawa, ya kamata in yi wa mai gidan magana a fasa simintin a dasa ko da itace ɗaya ne.

Na ce to, Baffa. Inna ba ta ɗago kai ba.